Kawu, Marayan Yaƙin Bama

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a Bronx da ke birnin New York, yana da shekara tamanin da biyu.

Kafin la'asar falonsa na unguwar Parkchester ya cika, takalma sun yi layi daga bakin ƙofa har kusa da lif. Tsofaffin direbobin tasi ne suka fi yawa, na Kumasi da na Damagaram da na Kano, kowa da irin Hausarsa. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda suka yi shekara talatin suna sallar Juma'a a sahu ɗaya, ya dubi bango ya ce yanzu wa zai riƙa tsare su da labarin Japan har shayi ya huce. Mutane suka yi 'yar dariya, shi ma ya fara, sai dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hularsa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan darduma da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce an gode, ba ta ƙara komai. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suka tsaya a kicin suna wanke kofuna, suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

Ranar sadakar uku wata mace ta shigo, Bajapaniya, za ta kai shekara sittin, riƙe da fararen furanni. Ba wanda ya ce ta cire takalmi, ta cire. Ta durƙusa gaban Inna ta sunkuyar da kai har ya kusa taɓa ƙasa, ta daɗe a haka. Mata suka fara raɗa, wasu na cewa daga asibiti aka aiko ta, wasu na cewa daga ofishin masu gidan. Ni da Inna kaɗai muka san ta. Kallon da aka bi ta da shi ne ya sa na gane cewa yawancin masu kukan Kawu sun san yana son labarin Japan, amma ba su san dalili ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Yana ciki aka ɗauki mahaifin soja a Zariya, aka sa su a jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama, inda Turawan Ingila ke fafatawa da Japanawa. Bai dawo ba. Wani abokinsa da ya tsira ya zo ya gaya wa Kaka cewa harsashi ya same shi a cinya a bakin wani rafi cikin daji, ƙafar ta ruɓe, suka binne shi suka wuce. Bai san sunan rafin ba. Daga baya Kaka ta sake aure ta haifi mahaifiyata. Sunan Kakar aka sa mini, don haka tun ina ƙarama Kawu bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro ya tambayi Kaka me mahaifinsa ya yi wa Japanawa. Ta ce ba ta sani ba, ita ko inda Japan take ba ta sani ba, kuma tana jin shi ma marigayin bai sani ba. Wannan amsar ce ta bi shi har tsufa.

Tuƙi ya kawo shi New York. Ya fara da tuƙa wani jami'in diflomasiyya, da wa'adin mutumin ya ƙare shi ya zauna, ya koma tasi. Iliminsa na boko bai wuce firamare ba, amma ban san wanda ya kai shi karatu a danginmu ba. Duk ranar hutunsa sai ya shiga jirgin ƙasa mai lamba shida ya tafi laburare, ya dawo da littattafan tarihi masu kauri, ya zauna da ƙamus a gefe yana bi da yatsa. A bangon falonsa akwai babbar taswirar Asiya da ya shafe da jan fensir: Koriya, Manchuriya, rabin gaɓar Sin, har zuwa Bama. Kowane wuri ya rubuta shekarar da sojojin Japan suka shige shi. Inna ta yi ta fama a cire ta a sa agogo mai hoton Ka'aba, a ƙarshe aka rataya agogon a gefenta.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi. Duk labarin da ka kawo masa, ko faɗan maƙwabta ne, sai ya bari ka gama sannan ya ce, "To, kafin nan fa?" Idan ka ba shi amsa ya sake maimaitawa. Haka ya bi yaƙin da ya ci mahaifinsa da baya da baya. Ya ce da farko yana neman wanda ya harba bindigar ne, da ya ga ba zai same shi ba sai ya koma neman wanda ya aiko shi.

Abin da ya gano, kamar yadda ya sha gaya mana, shi ne Japan ba ta wayi gari tana yaƙi ba. Ƙasa ce ta tsibirai, ba mai, ba isasshen ƙarfe, ga Turawa sun rabe Asiya a tsakaninsu suna yi mata kallon raini. Sai tattalin arzikin duniya ya karye, manoma suka shiga yunwa, mutane suka tsani 'yan siyasa saboda cin hanci. A lokacin ne wasu hafsoshi a Manchuriya suka dasa bam a layin dogo da hannunsu, suka ce mutanen Sin ne, suka mamaye yankin ba tare da umarnin gwamnatinsu ba. Gwamnati ta ji tsoron hukunta su, jama'a kuma suka fito murna. Shekara ta zagayo, wasu matasan hafsoshi suka shiga gidan firaminista suka harbe shi, mutane suka yi ta aika wa kotu takardu a yi musu sassauci, wai kishin ƙasa ne ya sa su. Idan Kawu ya zo nan sai ya ajiye kofinsa. Ya ce tun daga ranar aka gama da mahaifinsa, alhali yana yaro yana kiwon awaki a Zariya.

Duk da wannan karatun, ƙiyayya ba ta bar shi da wuri ba. Shekara da shekaru ya ƙi tuƙa motar Japan, abokansa na yi masa tsiya yana fama da tsohuwar motar Amurka mai shan mai. Idan Bajapane ya shiga tasinsa, zai kai shi inda za shi lafiya, amma ba zai ce masa uffan ba. Da bakinsa ya gaya mini, kuma bai faɗe shi da alfahari ba.

Ni aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Kimanin shekara goma da suka wuce aka tura ni wurin wata tsohuwa Bajapaniya a Queens, mai shekara tamanin da biyar, wadda ta faɗi ta karye a ƙugu. Ita ce mahaifiyar matar da ta zo da furanni. A kan wani ɗan tebur a ɗakinta akwai hoton saurayi cikin kakin soja, kullum da safe sai na taimaka mata ta ajiye masa shayi a gabansa. Wata rana ina taje mata kai na tambaye ta wane ne. Ta ce yayanta ne, ya mutu a Bama, ba a kawo ko ƙashinsa ba. Hannuna ya tsaya. Na gaya mata mijin kakata na fari ma can ya mutu, a ɗaya ɓangaren. Ta juyo ta dube ni, ta ce ba ta taɓa sanin akwai 'yan Afirka a yaƙin ba.

Na yi mako biyu ina shawara kafin na gaya wa Kawu. Da na faɗa sai ya tashi ya shiga ɗaki. Bayan kwana uku ya kira ni a waya ya ce, "Uwata, ki tambaye ta ko za ta yarda in zo in gaishe ta."

Ya zo cikin farar babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, da ledar lemu a hannu. Tsohuwar ta karɓe mu, 'yarta ma ta zauna tare da mu. Da farko gaisuwa kawai ake yi da Turanci, kowa na kallon ƙasa. Sai Kawu ya tambayi tsohuwar abin da take tunawa kafin yaƙi.

Ta ce tana tuna tashar jirgin ƙasa. Duk lokacin da za a tafi da samarin garinsu, sai a fito da 'yan makaranta a jera su da 'yan tutoci suna waƙa, kuma ita tana son ranakun domin ba darasi. Tana tuna mahaifiyarta tsaye a bakin kasuwa da wani farin ƙyalle tana roƙon mata kowace ta yi ɗinki ɗaya da jan zare, har ya kai dubu, don yayanta ya ɗaura a ciki ya kare shi daga harsashi. Mahaifinsu malamin makaranta ne. Wata rana a wurin cin abinci ya ce wannan yaƙi da ake yi a ƙasar Sin ba zai ƙare da alheri ba. Ita kuma, tana da shekara takwas, ta je ta maimaita a makaranta, ba da wata manufa ba. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi. Da ya dawo bayan wasu makonni haƙoransa biyu babu, aikinsa ma babu, maƙwabta suka daina gaishe su. Bai sake magana a kan yaƙi ba, kuma ranar da aka kira ɗansa shi ma ya je tasha ya ɗaga tuta tare da kowa.

Ta faɗi wannan duka idonta a bushe. Ta ce ba ta taɓa gaya wa 'yarta zancen makarantar ba, sai yau.

Kawu ya ce mata yaro ɗan shekara takwas ba ya ɗaukar laifin manya, a addininmu ma ba a rubuta masa. Ya nemi ta ba shi hoton, ya riƙe da hannu biyu yana kallo. Ya ce, da Hausa, ni kaɗai na ji, "Ashe yaro ne." A hanyarmu ta dawowa ya tsayar da mota a gefen titi ya kifa kai a kan sitiyari. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Daga nan duk wata sai ya je gaishe ta, wani lokaci da Inna. Shi ke kai ta asibiti ganin likita, ya naɗe keken guragunta ya sa a but, ya jira ta a waje. Ba su zama masu ra'ayi ɗaya ba. Akwai ranar da ya kawo zancen abin da sojojin Japan suka yi wa mutanen Sin da matan Koriya, ta ɗaure fuska ta ce ta gaji, ya tafi. Na ɗauka shi ke nan. Wata na zagayowa ta sa 'yarta ta kira shi. Shekara uku suka yi haka har ta rasu.

Ba zan rubuta alherinsa in ɓoye rigimarsa da maigidana ba, domin ita ce ta fi ci mini rai.

Maigidana mutumin Maraɗi ne. Kawu ne ya karɓe shi lokacin da ya zo garin nan ba ya jin Turanci, ya koya masa tituna, ya raka shi jarrabawar tuƙi har sau uku, daga baya ya zama waliyyina ya ba shi aurena. Tsakaninsu akwai kunya irin ta suruki, maigidana ko ido ba ya haɗawa da shi. Sai aka yi juyin mulki a ƙasarsu. Maigidana ya yi murna ƙwarai, kuma yana da dalili: 'yan bindiga sun kashe masa ɗan'uwa a ƙauye, ya daɗe yana cewa 'yan siyasa sun sayar da ƙasar ga Turawa. Ranar wata Asabar muna gidan Kawu bayan azahar, ya ciro waya yana nuna wa baƙi bidiyon jama'a cike da fili suna yi wa sojoji kirari.

Kawu ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe. Ya ce ya san wannan taron, ya gan shi a littafi, shi ma da kansa ya taɓa tafawa a Kaduna yana saurayi ranar da sojoji suka karɓi mulki, har yau yana jin kunyar tafin. Ya ce Japanawa ma da zancen korar Turawa daga Asiya suka fara, kuma zancen nasu akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ya shiga kunnen mutane. Da a nan ya tsaya da ba komai. Amma ya miƙa wayar ya ce, a gaban mutane, masu tafi irin maigidana ne suka kashe masa uba.

Na ga wuyan maigidana ya kumbura. Ya ce, "Kawu, kuna zaune a Amurka shekara arba'in kuna karanta tarihin wasu, mu kuwa 'yan'uwanmu ake yankawa. Shi mahaifin naku ma, ai Bature ya je ya yi wa yaƙi."

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Kawu ya dubi ƙasa, ya ce, "Gaskiya ne." Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Wata goma sha huɗu maigidana bai taka Parkchester ba. Salla biyu na je ni kaɗai da yara. A gida idan na kawo zancen sai ya ce shi aka fara zagi, kuma shi bai yi ƙarya ba. Wurin Kawu kuma ko sunansa ba a ambata, sai dai in zan tafi ya ce in gaida mutanen gida. A cikin watannin ne aka gano Kawu yana da ciwo a hanta. Ya hana Inna gaya mana.

Wata Lahadi da safe aka ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Stapleton. Na buɗe na ga Kawu dogare da sanda, rigarsa ta yi masa yawa, yana haki. Shi kaɗai ya shiga jirgin ƙasa tun daga Bronx, ya hau jirgin ruwa ya tsallako, ya hau benenmu hawa uku. Maigidana ya fito daga ɗaki da singileti, ya gan shi, ya zube ƙasa yana gaisuwa.

Kawu ya zauna ya sha ruwa. Ya ce bai zo don kowa ya canza ra'ayi ba, shi yana nan a kan bakansa game da mulkin soja, kuma ya san maigidana ma yana kan nasa. Ya ce ya zo ne saboda cin mutuncin da ya yi wa maigidana a gaban baƙi, alhali yana cikin zafin rashin ɗan'uwa, yana roƙon ya yafe masa. Sannan ya ce, "Abin da ka faɗa a kan mahaifina, tun ina saurayi na san shi. Na shafe Japan da jan fensir, ban taɓa shafa Ingila ba, ga shi kuwa ita ta zo har gida ta ɗauke shi. Na kasa ne. Idan na ce a banza ya mutu, ban san abin da zai rage mini ba."

Maigidana yana kuka yana cewa shi ne mai neman gafara. Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce akwai sauran magana. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma likitoci sun gaya masa abin da suka gani. Yana so idan lokaci ya yi, maigidana ne zai yi masa wanka, shi zai sa shi a kabari. A nan na fara jin labarin ciwon, ina tsaye da tire a hannu.

Ya ƙara wata biyar. Maigidana ya rage aiki, shi ke kai shi asibiti, shi ke aske masa kai, shi ke ɗaga shi zuwa banɗaki da jikin ya ƙi. Har a gadon asibiti na same su suna musu a kan sojoji, murya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ba wani gari. Ranar da ya cika, maigidana ne ke riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

A New Jersey aka binne shi. Mu mata ba mu je ba, sai bayan sadakar arba'in maigidana ya kai ni da Inna. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa a gyare, ana jin ƙarar manyan motoci daga babban titi. A kan ɗan allon da aka kafa an rubuta sunan Kawu, a ƙasa kuma cikakken sunan mahaifinsa, da garinsu, da kalmomin nan: ya rasu a Bama. Na tambayi maigidana ko Kawu ne ya bar wasiyyar haka. Ya ce a'a. Ya ce da ya sauka cikin ramin yana gyara masa kwanciya ne ya tuna cewa mutumin can na bakin rafi ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya yi masa addu'a, to yanzu duk wanda ya zo nan zai karanta sunansa.

Inna ta durƙusa ta shafa rubutun da tafin hannunta. Shekara hamsin da aure, ta ce, yau ne ta fara zuwa gaida surukinta.

Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a su biyu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya haɗa shi da mahaifinsa a gidan rahama, su ga juna. Mu kuma da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani.